Inabi: A Ɗanɗana Kafin A Sara

A yankin Shampan na arewacin Faransa, sanyi kan hana inabi zaƙi sosai. 'Ya'yansa ƙanana ne masu tsami, giya ake yi da su. Na Kudan kuwa, kusa da Zariya, na ci ne. Bisa rumfa ake ɗora shi, a datse rassa, a yi ban-ruwa, ya nuna da rani, domin damina ruɓar da shi take yi.

To, 'yan kasuwar Kanan-Bakashe da Mayahi, inabi ba mangwaro ba ne: da an tsinke shi, ya gama nuna. Wadda ta saro mai tsami, mai tsami za ta sayar. A ɗanɗana, a zaɓi mai koren kara, a ajiye a inuwa. Kada a wanke sai za a ci.