Hanyar Alfadarai Da Ta Koma Ta Masu Keke

A wannan makon kulob ɗinmu ya kawo muku bayani a kan wani wasan keke da ya yi farin jini a Amurka da Turai. Ana kiransa tseren keke a kan tsakuwa, ko da yake yawancin masu yinsa ba tsere suke yi ba, yawo ne kawai. Mutum zai bar kwalta da gangan, ya nemi hanyar ƙasa ko ta tsakuwa wadda mota ba ta bi, ya yi ta tuƙi daga safe har yamma. Mun san wasu za su yi dariya su ce ai abin da manoman ƙauyenmu ke yi ke nan kullum a kan burji, da buhun masara a kariya. Gaskiya ne. Bambancin shi ne su can sun ƙera wa abin kekensa na musamman, sun ware masa hanyoyi, har a 2022 aka fara gasar duniya ta wannan wasa a ƙasar Italiya.

Idan ka hango keken daga nesa za ka ɗauka na tsere ne, saboda kansa a lanƙwashe yake zuwa ƙasa kamar ƙahon rago. Sai ka matso za ka ga bambanci a taya. Tayar keken tsere na kwalta siririya ce, faɗinta bai cika wuce milimita 25 zuwa 30 ba. Ta keken tsakuwa kuwa takan kai 40 ko 45, kuma tana da ƙananan haƙora da ke kama ƙasa. Sannan ba a cika ta da iska tam. Mu da muka saba cewa mai faci ya ƙara iska har taya ta yi kamar dutse, wannan ya ba mu mamaki. Dalilin ga shi: taya mai tauri idan ta hau tsakuwa tsalle take yi, kamar ƙwallon da aka cika wa iska, kuma kowane tsalle yana cin ƙarfin mai tuƙi, yana girgiza masa hannu da baya. Mai ɗan laushi kuwa lotsawa take yi ta haɗiye tsakuwar ta wuce. Shi ya sa a hanya mai gargada ta fi sauri, ta fi kuma riƙe ƙasa a kwana.

Amma keke komai kyansa sai da hanya. Misalin da muka zaɓa yana gabashin Amurka, a kwarin Kogin Potomac. Hanyar ta tashi daga birnin Washington, ta bi gefen kogin har garin Cumberland a jihar Maryland. Tsawonta kusan kilomita 297, wato ya fi nisan Kano zuwa Kaduna, kuma kusan dukkanta ƙasa ce da niƙaƙƙen dutse. An hana motocin jama'a da babura hawanta. Masu tafiya a ƙasa da masu keke ne ke da ita, sai masu doki a wasu sassa.

Ba don keke aka yi ta ba. A ranar 4 ga Yuli, 1828, Shugaban Amurka John Quincy Adams ya soma haƙa wani kanal, irin na ban ruwa da 'yan Kura da Kadawa suka sani, sai dai wannan ya fi faɗi domin jiragen ruwa ne za su bi ta cikinsa. Shi kansa kogin ba ya biyuwa da jirgin kaya, saboda duwatsu da wuraren da ruwa ke faɗowa da ƙarfi, shi ya sa aka haƙa kanal a gefensa. Yawancin jiragen ba su da inji. Alfadarai ne ke tafiya a bakin kanal suna jan su da doguwar igiya, kuma babban kayan da ake ɗaukowa shi ne kwal daga tsaunukan yamma. To wannan turbar ta alfadarai ita ce masu keke ke bi yau.

A nan ne za mu gane abin da ya sa hanyar ba ta da hawa mai wahala. Ruwan kanal ba ya tsayawa a karkace, dole ya kwanta daidai. Amma Cumberland ta fi Washington tudu da kimanin mita 184. Yaya jirgi zai hau tudu? Sai magina suka yi abin da za mu iya kira matakalar ruwa. Wani ɗaki ne na dutse mai ƙofa gaba da baya. Jirgi zai shiga, a rufe ƙofar baya, a saki ruwa daga sama ya cika ɗakin, jirgin ya taso da ruwan, sai a buɗe ƙofar gaba ya fita. Akwai irin wannan matakala guda 74. Mun yi lissafi a allo: idan aka raba 184 gida 74, kowace matakala tana ɗaga jirgi kimanin mita biyu da rabi. Idan kuma aka raba 184 a kan kilomita 297, a kowace kilomita ƙasa tana tashi santimita 62 ne kawai, bai kai tsayin bencin ajinmu biyu ba. Mai keke yakan yi tafiya mai tsawo a shimfiɗe, ya hau ɗan tudu a gefen matakala, ya ci gaba. Ko ɗan aji ɗaya zai iya.

Kanal ɗin bai yi sa'a ba. A ranar da aka fara haƙa shi, a ranar ce aka aza harsashin layin dogo a birnin Baltimore, shi ma ya nufi yamma. Jirgin ƙasa ya isa Cumberland a 1842, kanal bai isa ba sai 1850. Ga kuma ambaliya da ke fasa shi lokaci bayan lokaci. Ta 1924 ce ta kawo ƙarshen aikinsa. Daga nan bishiyoyi suka tsiro a ciki, ƙofofin katako suka ruɓe.

Wurin da ya fi burge mu a labarin shi ne shekarar 1954. Gwamnati ta riga ta sayi kanal ɗin, kuma an kawo shawarar a shimfiɗa titin mota a kansa, don mutanen birni su riƙa zuwa kallon kogi daga cikin motocinsu. Babbar jaridar birnin, Washington Post, ta goyi bayan haka. Sai wani alƙalin Kotun Ƙoli mai suna William O. Douglas ya rubuta wa jaridar wasiƙa, ya ƙalubalanci editocinta su zo su taka hanyar da ƙafa tare da shi kafin su yanke hukunci. Suka amsa. A watan Maris aka tashi daga kusa da Cumberland, aka yi kwana takwas ana tafiya cikin sanyi. Mutum tara ne kawai suka taka ta daga farko har ƙarshe, cikinsu har da alƙalin, wanda a lokacin ya haura shekara hamsin. Bayan tafiyar jaridar ta sassauta ra'ayinta, jama'a kuma suka taso da neman a bar wurin yadda yake. Duk da haka sai a 1971 aka sa hannu a dokar da ta mayar da shi wurin tarihi na ƙasa. Mu 'yan kulob ɗin jarida mun lura cewa da wasiƙa ɗaya zuwa ga edita aka fara.

A ganinmu masu son titin ba mugaye ba ne. Tsofaffi da marasa lafiya ba za su iya tuƙa keke kilomita ɗari ba, kuma su ma suna son ganin kogi. Amma titunan mota suna da yawa a ƙasar, irin wannan hanya kuwa kaɗan ce. Duk wanda ya taɓa tuƙa keke zuwa makaranta tirela ta wuce ta gefensa har iskarta ta kusa kayar da shi, ya san darajar hanyar da uwa za ta bar ɗanta ya hau ba tare da gabanta yana faɗuwa ba.

Rashin mota ba ya nufin rashin doka. Ba a yarda mai keke ya wuce gudun kilomita 24 a awa ba, kuma dole ya kaɗa ƙararrawa ko ya yi magana kafin ya wuce mai tafiya a ƙasa. Bayan kowace 'yar tazara akwai filin da matafiyi zai kafa tanti ya kwana, da yawansu da famfon tuƙa-tuƙa. Wasu sassan suna nesa da gari, don haka kowa na ɗauke da famfon iska da kayan faci da ruwan sha a jakunkunan da ake ɗaurewa a jikin keken. Idan aka yi ruwan sama wasu wuraren sukan zama taɓo, saiwoyin bishiya kuma suna jiran wanda ya shagala da kallon barewa ko kunkuru.

Akwai wuri ɗaya da ake sauka a tura keke. Sunansa Paw Paw. A nan kogin ya yi ta lanƙwasa kamar maciji, sai magina suka ga gara su huda dutsen su ratsa kai tsaye. Sun yi zaton aikin shekara biyu ne, ya ci musu goma sha huɗu, daga 1836 zuwa 1850. Tsawon ramin mita 950 ne, an jera masa jan bulo kusan miliyan shida. Babu lantarki a ciki. Mutum na tafiya a siririyar turbar alfadarai, bango a gefe ɗaya, ruwa a ɗaya gefen, ruwa kuma na ɗiga daga sama, yana hango ɗan haske can gaba kamar ƙofar allura. Wanda ya manta tocila zai sha lalube.

Wanda ya isa Cumberland bai gaji ba, yana iya zarcewa. Daga nan wata hanyar ta niƙaƙƙen dutse ta ɗauka, mai tsawon kusan kilomita 240, har birnin Pittsburgh, kuma an kammala ta a 2013. Ita kuma a kan tsofaffin layukan dogo aka shimfiɗa ta bayan an cire ƙarafunan, ita ma ba ta da hawa mai tsanani tunda jirgin ƙasa ba ya son tudu. Idan aka haɗa biyun sun kai kusan kilomita 540, kuma masu keke da yawa sukan gama su cikin kwana biyar zuwa bakwai.