Lambar Yabo Ba Ta Auna Marubuci: Darasin Abdullahi Mamani

Daga Birnin Damagaram har Zermu, idan hirar littattafai ta taso tsakanin malaman lakkwal, da wuya a tashi ba a ji wani ya ce marubucin da bai ci gasa ba bai isa ba tukuna. Masu wannan ra'ayi suna da hujjarsu, ban raina ta ba: lambar yabo tana sa a sake buga littafi, tana kai shi hannun masu fassara, tana kuma ɗan rage wa marubuci talauci. Inda na saɓa da su shi ne mayar da ita ma'auni.

Mu dubi namu na gida. An haifi Abdullahi Mamani a Gudumariya a 1932, ya yi siyasa a Damagaram ƙarƙashin Sawaba ta Jibo Bakari. Da aka haramta jam'iyyar ya yi gudun hijira, har ya zauna Aljeriya. Ya dawo gida bayan juyin mulkin 1974, gwamnatin Kunce kuma ta ɗaure shi. A 1980 ya fitar da Sarraounia, labarin Sarauniya Mangu ta Lugu da ta tari rundunar Faransawa ta Voulet da Chanoine a 1899. Kafin littafin, labarinta bai yi nisa da ƙasar Arewa, inda Lugu take, ba, takardun Faransawa ma a gurguje suka ambace ta. Med Hondo ya mayar da shi fim a 1986, fim ɗin ya ɗauki babbar kyautar FESPACO a Wagadugu a 1987. Yau ga rediyo da talabijin mai sunan Sarauniya a Yamai, ga yara suna jin sunanta tun suna firamare.

To, yaushe aka karrama shi kansa? Sai a 1993, shekara goma sha uku bayan littafin, aka ba shi kyautar Bubu Hama. Yana kan hanyar Yamai don karɓa haɗarin mota ya yi ajalinsa. Allah ya jiƙansa. Wa zai ce a duk shekarun nan Mamani bai isa ba?

A Amurka ma haka abin yake. A shekarar da muka rasa Mamani Toni Morrison ta sami Nobel, amma a farkon 1988 sai da marubuta baƙar fata 48 suka sa hannu a takardar koke kan yadda manyan kyaututtukan ƙasar suka yi ta tsallake ta. Watanni kaɗan bayan haka aka ba littafinta Beloved kyautar Pulitzer, alhali ko harafi ɗaya bai sauya a cikinsa ba. Alƙalan gasa mutane ne, suna da siyasarsu da abokansu, kuma sau da yawa sai masu karatu sun daɗe da yanke hukunci kafin su zauna.