Kwamfuta ta ƙi tashi: gane ciwon kafin ka nemi magani

Darasinmu na yau ya shafi kwamfutar tafi-da-gidanka. A ƙasar Arewa, daga Dogondutsi da Matankari har Tibiri da Geceme, akwai malaman lakkol, da magatakardan ƙungiyoyin manoma, da mu malaman yaƙi da jahilci, waɗanda sunayen ɗalibai da lissafin kuɗin jama'a ke cikin wannan na'ura. Ran da ta ƙi tashi, mai gyara yana nesa, kuɗin mota ma abin dubawa ne. To, ka sani ƙin tashi ciwo uku ne, kowane da alamarsa. Danna maɓallin kunnawa, ka sa ido, ka kasa kunne.

Ciwo na fari: shiru, ba fitila, ba motsin fanka. Wannan maganar wuta ce, sai ka fara daga bango. Jona cajar salula a wurin, ka ga ko akwai kuran. In akwai, koma ga cajar kwamfutar. Kuran na Nigelec volt 220 ne, ita caja ke rage shi zuwa volt 19 ko 20 a yawancin kwamfutoci, kuma adadin yana rubuce a bayanta. Wayarta takan tsinke daga ciki, kusa da baki. Wutar gurup mai hawa da sauka ma takan ƙona ta. Mai gyaran rediyo zai auna maka ita nan take. In za ka ari wata, ka tabbata baki ɗaya ne, volt ɗaya ne, amfiya kuma kada ta kasa ta taka. In cajar lafiya take, cire ta, ka cire batir in mai fita ne, ka danne maɓallin kunnawa daƙiƙa 30, sannan ka jona caja kaɗai. In ta tashi, mai yiwuwa laifin batir ne. Batir da ya kumbura kuwa, kada ka huda shi, kada ka ƙara cajinsa, don yana iya kama wuta.

Ciwo na biyu: fitila ta kama, fanka na juyawa, amma allo baƙi ƙirin. Shiga ɗaki mai duhu, ka haska tocila dab da allon. In ka hango inuwar rubutu, fitilar bayan allo ce ta mutu. Ko kuma ka jona kwamfutar da talabijin ta wayar HDMI. In hoto ya fito can, allon ne ko wayarsa. In bai fito ba, ƙirga ƙarar da take yi, ko ƙiftawar fitilarta, ka rubuta adadin, domin kowane kamfani da ma'anar da ya ba shi. Sau da yawa laifin na RAM ne, wani siririn katin ƙwaƙwalwa da ƙurar hunturu ko jijjigar hanya kan hana shi zama daidai. Raba na'urar da caja da batir, ka taɓa ƙarfe don wutar jikinka ta fita, ka zare katin, ka share shi da busasshen ƙyalle, ka mayar sai ya ce ƙas. In biyu ne, gwada su ɗaya bayan ɗaya. A wasu sababbin kwamfutoci RAM a like take, wannan sai gwani.

Ciwo na uku: sunan kamfani ya fito a allo, daga nan ta tsaya. Kwantar da hankalinka, allo da wuta lafiya suke. Zargi ya koma kan faifan ajiya ko Windows. Cire duk wani kile da ke jone, ka sake kunnawa. In ba ta wuce ba, shiga BIOS: F2 a Dell, F10 a HP. Duba ko sunan faifan ya bayyana. Duba kwanan wata kuma: in ya koma shekarun baya, ɗan batir mai volt 3 da ke riƙe agogo ne ya ƙare. In ka ji faifan yana ƙyas-ƙyas, kashe ta nan da nan, don kowane kunnawa ƙara masa rauni yake.

Akwai kuma wadda kan tashi, jim kaɗan ta mutu. Galibi zafi ne. A Afrilu da Mayu zafinmu kan wuce digiri 40, ƙura kuma ta toshe fanka. Kada ka aza ta bisa katifa, ka sa a share mata hanyar iska.

Ƙa'ida ɗaya ce cikin wannan aiki duka: gwada abu ɗaya a lokaci ɗaya, ka rubuta abin da ka gani. Nan karatu ke rana. Wanda ya je wurin mai gyara da takarda a hannu, da wuya a sayar masa da abin da bai lalace ba. In an ce babban allon cikinta ne ya ƙone, wanda masu gyara ke kira kart mer, wannan bai nufin takardunka sun salwanta, domin a faifai suke, kuma galibi ana iya cire shi a karanta a wata na'ura. Kada ka yarda a goge shi sai an kwafe maka su. Lissafin jama'a amana ne.

Sai darasi na gaba, in Allah ya kai mu. Ku huta lafiya.