Tuhumar da Ake Yi wa Akuya a Ƙasar Kurfai

Duk shekara idan ranar 3 ga watan Agusta ta zagayo, ranar da Nijar ke tunawa da samun mulkin kai, kuma take bukin dashen itatuwa tun 1975, zamanin Shugaba Seyni Kunce wanda shi kansa ɗan Fandu ne a nan ƙasar Filinge, sai ka ji an ta da tsohuwar magana a majalisu da rumfunan kasuwa, cewa bisashe, musamman akuya, su ne suka cinye dajin Kurfai, kuma wai da za a kawar da su daga dawa da gonaki, da ƙasa ta koma shar kamar yadda kakanni suka san ta. Maganar ta yaɗu har ta zama kamar ijma'i, alhali kuwa rabin gaskiya ce, kuma hukuncin da aka gina a kan rabin gaskiya zalunci ne, ko da dabba aka yanke wa shi.

Ba mu musun ɓarnar akuya, domin duk wanda ya taɓa dasa ƙaramin icce bai kewaye shi da ƙaya ba ya san abin da haƙorinta ke aikatawa cikin yini guda. Amma kafin a yanke hukunci, ya kamata a tambayi wanda ya shuka gawon nan da ya cika kwarin Dallol Boso, tun daga ƙasar Kurfai har gangare kudu, tun ba a san gidan renon itatuwa ba, balle a san ma'aikacin daji.

Gawo icce ne da Allah Ya halitta shi saɓanin sauran itatuwa: yana zubar da ganye da damina, gero ya sami rana a ƙarƙashinsa, ya kuma tofo da rani, sa'ad da ƙasa ta bushe dabba ba ta da abin lasa. A wannan lokaci ne ƴaƴansa ke nuna su faɗo, kuma abin lura shi ne kwansonsu ba ya fashewa da kansa ya watsar da iri kamar na wake, illa iyaka ya kwanta a ƙasa yana jiran baki. Ƙwayar da ke ciki kuwa tana da ɓawo mai tauri wanda ruwa ba ya ratsa shi da sauƙi, shi ya sa masu renon itatuwa sai sun jiƙa ta a ruwan zafi ko sun kankare gefenta kafin ta yarda ta tsiro. Wannan aiki da ma'aikaci ke yi da tukunya da wuƙa, shi ne cikin saniya ke yi da ɗumi da danshi da ruwan narkar da abinci, sannan bayan kwana ɗaya ko ƴan kwanaki ta ajiye ƙwayar cikin kashi, wanda taki ne, a can wani wuri mai nisa da inda ta ci. Gaskiya ne ƙwayoyi da yawa suna halaka a tsakanin haƙora, kuma tunkiya da akuya sun fi saniya niƙe su, amma wadda ta kuɓuta ta kuɓuta daga wata halaka da ta fi wannan, domin akwai ƙananan ƙwari masu yin ƙwai a jikin kwanso, tsutsarsu ta huda ƙwaya ta cinye cikinta, kuma iyakar daɗewar kwanso a gindin icce, iyakar yawan ɓarnarsu. Aduwa ma haka take: akuya na haɗiye ƴaƴanta, in ta kwanta tuƙa da dare ta furzar da ƙwallon a makwancinta.

A nan ne mas'alar nisa ta shigo, kuma ita ce ginshiƙin bahasin. Masana biyu, Daniel Janzen a 1970 da Joseph Connell a 1971, kowannensu ya yi nazari a kan dalilin da ya sa dazuzzukan ƙasashe masu zafi ke tara itatuwa iri-iri, maimakon iri guda ya mamaye ko'ina, suka kawo hujja cewa maƙiyan kowane icce, wato ƙwarinsa da cututtukansa da masu cin irinsa, a gindinsa suke taruwa, saboda haka ƙwayar da ta faɗi a inuwar uwarta ba ta cika rayuwa ba, sai wadda aka ɗauke ta aka kai nesa. Misalinta kamar almajiri ne, wanda ba ya zama gwani a ɗakin uwarsa, sai ya yi ƙaura ya bar gida. Icce kuwa ba shi da ƙafa, ƙafarsa ita ce dabba.

A kurmin Kibale na ƙasar Uganda akwai wani babban icce ɗan'uwan aduwa, wanda ƙwallonsa ya yi girman da babu mai haɗiye shi ya kai nesa sai giwa, kuma an tabbatar cewa wanda ya bi ta cikinta ya fi tsirowa nesa ba kusa ba. Jemagun da ke cika itatuwan birnin Akara an bi sawunsu an ga suna iya kai iri tafiyar kilomita 75, kuma jemage ne ke ziyartar furen kuka da na ɗorawa da dare har su sami yin ƴaƴa. Saboda irin wannan ne Kent Redford ya yi gargaɗi a 1992 game da dajin da itatuwansa ke tsaye amma maharba sun ƙarar da namominsa, domin irin wannan daji ya daina haihuwa ko da ido na ganinsa kore. Mu a nan, barewa da sauran namomin dawa sun ja baya tun da bindiga ta yawaita, fari na 1973 da na 1984 kuma ya ƙarasa abin da ya ƙarasa. Raƙuman dawa na Kure, waɗanda suka ragu har zuwa 49 a 1996 kafin kulawa ta sa su haura 600, su ne kusan ragowar manyan namomin Dallol, kuma da rani ganyen gawo suke bi. Aikin ɗaukar iri da namomin dawa suka bari, garken Bafillace da raƙumin Buzu da awakin matan gida ne suka gaje shi, ko mun yaba musu ko mun ƙi.

Abin da ke damuna shi ne muna yanke wannan igiya da ta haɗa icce da dabba da hannunmu ba tare da mun lura ba. Yau yara na karkaɗe ƴaƴan gawo tun ba su gama nuna ba, a ɗura a buhu a kai kasuwa don masu kiwon ragon layya, wasu kuma sukan daka su kafin su ba dabba, kuma ƙwayar da taɓarya ta farfasa ba ta ƙara tsirowa har abada. Tsohuwar yarjejeniyar nan ta manomi da makiyayi, inda shanu ke kwana a gona bayan girbi su ci kara su bar taki, ta yi rauni, burtali ya ƙuntata saboda gona ta ci shi, duk da dokar kiwo ta 2010 da ta tabbatar wa makiyayi haƙƙin wucewa, rashin tsaro a arewacin jahar Tilaberi kuma ya takure garkuna a wurare ƙalilan. Dabbar da ke tafiya tana shuka a bayanta, kuma ƙasar da ta bari tana samun hutu, amma wadda aka tsare a fili guda shekara da shekaru, ita ce ke cinye tsiron da ta shuka. Ashe laifin da ake ɗora wa akuya, kaso mai yawa na waɗanda suka toshe mata hanya ne.

Ba sai mun je nesa neman abin koyi ba. A ƙasar Maraɗi, daga 1983, manoma suka koma barin tohon kututture da tsiron da ya fito da kansa a gona suna yi masa sassabe, kuma masu bincike sun ƙiyasta cewa ta wannan hanya kudancin Nijar ya farfaɗo da kimanin hekta miliyan 5. A Matamai da Magarya da Mirya, gawon da ya rufe gonaki da yawansa cikin takin da aka kai gona ya zo. An kuma ruwaito cewa Sarkin Damagaram Tanimu ya sanya hukunci mai tsanani a kan mai sare gawo, domin ya san darajarsa ga talaka da dabbarsa.

Saboda haka nake ganin hukumominmu sun fi ba dashen rana ɗaya muhimmanci fiye da kima, ga tuta ga jawabi, alhali ba a cika komawa a ƙidaya abin da ya rayu bayan rani ba. Da hukumomi da sarakunan Kurfai za su sake shata burtali, su hana karkaɗe ɗanyun ƴaƴan gawo, su kuma tabbatar wa manomi cewa tsiron da ya rena a gonarsa nasa ne, ba wanda zai ci shi tara in ya yi masa aski, da shi da kansa zai sa ƙaya ya kewaye shi har ya wuce bakin akuya.