Watandar ɗaki a Disney: me ke sa mutum ya biya kuɗin hutun shekara 50 tun yau?

Duk mai leƙa TikTok ko Facebook ba zai rasa cin karo da irin bidiyon nan ba: iyali a Amurka sun buɗe ƙofar ɗakin otal, yara na tsalle, uwar gida na cewa ai wannan wurin nasu ne, sun saya a Disney. Mai kallo daga Agege ko Sabon Ibadan sai ya ɗauka gida suka saya sukutum a cikin filin wasan. Ba gida ba ne. Abin da suka saya shi ne Turawa ke kira taimshiya, ni kuwa sunan da na ga ya fi dacewa da shi a Hausa shi ne watandar ɗaki.

Mu da muka tashi a kara mun san watanda. Mutum ɗaya ba zai iya sayen sa ba, ko kuma zai iya amma naman ya fi ƙarfin gidansa, sai a haɗu mutum goma ko ashirin, a yanka, a kasa, kowa ya ɗauki kashinsa. To a nan ba nama ake kasawa ba, kwanakin shekara ake kasawa. Ɗaki ɗaya yana da kwana 365 a shekara, babu mai hutun da ke buƙatarsu duka, sai kamfani ya yanyanka su ya sayar wa mutane da yawa. Dabarar ta fito daga Turai a shekarun 1960. Kamfanin Hapimag na ƙasar Suwizalan, wanda aka kafa a 1963, yana cikin na farko. Daga baya ta tsallaka Amurka, kuma babu inda ta yi gindi kamar garin Olando na jihar Filorida, saboda a gefensa Walt Disney World yake.

Wurin nan ba ƙaramin fili ba ne. An buɗe shi ranar 1 ga Oktoba 1971, faɗinsa ya kai kusan murabba'in kilomita 100, da manyan filayen wasa huɗu a ciki: Magic Kingdom, EPCOT, Hollywood Studios da Animal Kingdom. Kwana ɗaya ko biyu ba sa isa a zagaye shi, shi ya sa masauki ya zama babban ciniki. A 1991 kamfanin ya buɗe tasa watandar mai suna Disney Vacation Club, ya fara da masaukin da yanzu ake kira Old Key West.

Tsarin Disney ya bambanta da tsohon yayi, inda ake ba ka mako guda tsayayye, misali makon farko na Agusta, kowace shekara, ko kana da hali ko ba ka da shi. Su maki suke sayarwa. Ka sayi maki 150, to kowace shekara za a zuba maka 150 a asusunka, kai kuma ka kashe su yadda ka ga dama. Ƙaramin ɗaki a lokacin da babu cunkoso makinsa kaɗan ne, babban ɗaki a makon Kirsimeti kuwa zai lashe makin cikin 'yan kwanaki. Idan bana ba za ka je ba, kana iya ajiye makin zuwa baɗi. Idan kana son gayyar dangi gaba ɗaya, kana iya aro daga na baɗi ka haɗa. Sannan kowane mai saye yana da masaukin da ake kira gidansa, inda yake da damar kama ɗaki tun saura wata 11, sauran masaukan kuma sai saura wata 7. Wata huɗun nan da ke tsakani ba wasa ba ne, domin ɗakunan da kowa ke so tun a nan suke ƙarewa.

To me ke jan mutane? Abu na farko, ɗakin kansa. Otal na yau da kullum gado ne da banɗaki. A nan kuwa, daga mai ɗakin kwana ɗaya zuwa sama, akwai falo, da kicin cikakke, da injin wanki, har akwai mai ɗakuna uku da ke ɗaukar mutum 12. Duk wanda ya taɓa tafiya da yara huɗu ya san darajar tukunya. Ga Musulmi ma abin ya fi, tunda zai sayo kayan miyarsa ya dafa, ba sai ya tsaya tambayar mai abinci da me aka soya ba. Sannan ga kusanci. Daga Bay Lake Tower da ƙafa ake takawa zuwa ƙofar Magic Kingdom, yaro ya gaji da rana a dawo ɗaki ya yi barci, da yamma a koma.

Akwai masauki guda da ni dai ya ba ni dariya, wato Animal Kingdom Villas. An gina shi da fasalin Afirka, an kewaye shi da daji na haɗi, mutum na zaune a baranda yana kallon raƙumin dawa da jakin dawa suna kiwo. A cikin dabbobin har da shanun Ankole, masu manyan ƙahonin nan na Gabashin Afirka. Wato Bature ya biya dubban daloli don ya farka ya ga saniya ta taga. Mu da ke kwana da kukansu a Oko-Oba ashe hutu muke yi ba mu sani ba.

Abu na biyu shi ne lissafi, kuma a nan masu tallar suka fi kauri. Bari mu yi misali da lambobi masu sauƙi. A 'yan shekarun nan maki ɗaya a hannun Disney ya haura dala 200 a sababbin masaukai. Mu bar shi a 200. Maki 150 ya zama dala 30,000 ke nan. Bayan wannan akwai kuɗin shekara na gyara, albashin ma'aikata, haraji da inshora, wanda ake lissafawa a kan kowane maki. Mu ƙaddara dala 9, ya zama 1,350 a shekara. Idan yarjejeniyar tana da sauran shekara 45, ka raba 30,000 gida 45, za ka samu kusan 670, ka ɗora 1,350, hutun kowace shekara ya tsaya a wajen dala 2,000. Maki 150 na iya ba ka kamar mako guda a ƙaramin ɗaki, ko ya ɗan fi, gwargwadon lokaci. Ka ga kwana ya kama ƙasa da dala 300, alhali manyan otal-otal na Disney sau da yawa kwana ɗaya ya wuce 500. Ga iyalin da dama can duk shekara sai sun je, kuma a irin waɗannan otal suke sauka, wallahi lissafin yana tafiya. Kuɗin otal na hawa, shi kuwa ya riga ya biya kaso babba a farashin jiya.

Na uku ba ya shiga kalkuleta. Ma'aikata na tarbar mai maki da barka da dawowa gida, shi kuma yana jin cewa yana da wani abu nasa a wurin da iyayensa suka kai shi yana yaro. Akwai kuma wanda ya san kansa: in ba an ɗaure shi ba, ba zai taɓa rufe shago ya huta ba. Makin da zai lalace in bai yi amfani da shi ba shi ne igiyar. Wannan na fahimce shi sosai, domin a cikinmu akwai masu shekara biyar a Kudu ba su leƙa gida ba, kullum sai bayan Sallah.

Yanzu mu juya dabbar mu duba ɗaya gefen, kamar yadda mai saye ke yi kafin ya taya.

Kalmar mallaka da ake ta nanatawa tana da ranar mutuwa. Masaukai irin su BoardWalk Villas da Beach Club Villas yarjejeniyarsu za ta ƙare ranar 31 ga Janairu 2042. Saratoga Springs 2054, Animal Kingdom Villas 2057, Bay Lake Tower 2060, Riviera 2070. Ranar da wa'adi ya cika, komai ya koma hannun kamfani, ba a mayar maka da ko sisi. Mun san irin wannan a gida, tunda takardar mallakar fili da gwamna ke sa wa hannu ita ma shekara 99 ce. Bambancin shi ne fili a Ikorodu ko Mowe kullum daraja yake ƙarawa, kuma ginin da ke kai naka ne. Maki kuwa duk shekarar da ta wuce an gutsure masa ɗaya. Ana iya gadonsa, gaskiya ne, amma magaji zai gaji har da takardar biyan kuɗin shekara.

Kuɗin shekarar nan shi ne ainihin maganar. A misalinmu 1,350 ne, amma ba a tsaye yake ba, kusan kowace shekara sai ya ƙaru. Ko da ma ya tsaya cak, 1,350 sau 45 ya haura dala 60,000, ninki biyu na kuɗin sayen. Sa ne aka ɗaure maka a ƙofar gida: ba ya haihuwa, ba ya ba da nono, amma dusa da harawa dole kowace safiya. Ka je ko ba ka je ba, sai ka biya. A 2020 da korona ta sa aka rufe filayen wasan daga tsakiyar Maris har zuwa Yuli, takardar kuɗin shekara ba ta tafi hutu ba. Kuma maki kuɗin ɗaki ne kawai. Tikitin shiga filin wasa daban, kuma na mutum ɗaya a rana ɗaya ya wuce dala 100. Abinci daban, jirgi daban.

Akwai abin da lissafin masu talla ke tsallakewa, wanda ɗan kasuwa ba zai tsallake ba. Dala 30,000, in muka yi canji a naira 1,500, miliyan 45 ce. Ka ƙaddara sa a miliyan ɗaya da rabi, shanu 30 ke nan, kusan tirela guda. Mai wannan jarin yana loda daga Potiskum ko Maigatari, ya sauke a kara, ya sayar, ya koma, kuɗin na juyawa sau da yawa a shekara. Wanda ya zuba su a maki ya kwantar da su ne. Idan kuma da bashi ya saya, kamar yadda da yawa ke yi, ruwan da ake ɗorawa kan irin wannan bashi ya fi na bashin gida tsada, sai ragin da ake taƙama da shi ya narke. Ga wanda ke gudun riba kuwa ƙofar nan a rufe take tun farko.

Maganar sayarwa fa? A nan dole a yi wa Disney adalci. Yawancin watandar ɗaki a Amurka, da zarar ka saya darajarta ta faɗi warwas, har akwai masu sa tasu a eBay a kan dala 1 don kawai su rabu da kuɗin shekara. Wannan matsin ne ya haifar da 'yan damfara masu cewa a biya su za su fitar da mutum daga yarjejeniya, su karɓa su ɓace, abin da hukumar kare masu saye ta Amurka ta sha yin gargaɗi a kai. Makin Disney yana da kasuwa ta gaske, da dillalai, da masu nema. Dalili ɗaya shi ne kamfanin ya riƙe wa kansa haƙƙin a fara yi masa tayi: ka daidaita da mai saye, sai an kai masa takarda, in ya ga farashin ya yi ƙasa ya biya ya karɓe. Wannan na hana kasuwar zubewa. Amma kamfanin da ke tallafar farashi shi ne kuma ke riƙe da dokar. Tun 2019, wanda ya sayi makin Riviera a hannu na biyu a Riviera kaɗai zai yi amfani da shi, wanda kuma ya sayi na tsofaffin masaukai a hannu na biyu ba zai shiga sababbi ba. Da alƙalami ɗaya aka rage darajar kayan da ke hannun mutane.

Ga ɗan'uwanmu da ke zaune a Amurka, yana karɓar albashi da dala, yana iya tuƙa mota zuwa Olando, maganar ta tsaya a kan ko zai riƙa zuwa kowace shekara ko aƙalla duk shekara biyu. Ga mai zama a Legas ko Fatakwal kuwa akwai katanga biyu kafin a zo nan. Ta farko canji. A farkon 2023 dala a farashin gwamnati tana wajen naira 460, a 2024 ta haura 1,500. Wanda ya ɗauki alkawarin biyan dala duk shekara da kuɗin da yake samu a naira, nauyinsa ya ninka uku ba tare da Disney ta ƙara komai ba. Ta biyu biza. Takardar maki ba ta ba ka izinin shiga Amurka, ba ta kuma tilasta wa ofishin jakadanci komai. A Yulin 2025 Amurka ta mayar da yawancin bizar ziyara ta 'yan Najeriya shiga ɗaya, wata uku kacal. Yarjejeniyar shekara 45 a hannu ɗaya, bizar wata uku a ɗaya hannun. Don haka duk wanda ya zo maka da wannan a matsayin jari a ƙasar waje, ko hanyar samun biza, tambaye shi shekarar da yarjejeniyar za ta ƙare da nawa ne kuɗin shekara, ka ga yadda zai amsa.

Wanda Allah ya hore wa, kuma yake son yaransa su ga wurin sau ɗaya, ba sai ya shiga watanda ba. Masu makin da ba za su je ba suna ba da hayarsa ta hannun dillalai, ka kwana a ɗaki iri ɗaya da nasu, sau da yawa a ƙasa da farashin otal, ka fita babu abin da ke bin ka baɗi. Sharaɗin dai shi ne irin wannan haya tana da wuyar sokewa, saboda haka sai biza ta fito ake biya. Wanda kuma ya je can aka zaunar da shi, aka nuna masa hotuna har ya sa hannu, dokar jihar Filorida ta ba shi kwana 10 ya janye a rubuce a mayar masa da kuɗinsa, kuma mai sayarwa ba shi da ikon sa shi ya yafe wannan haƙƙin.