Ƙungiyar Ɗaliban Fiziks: Abin Da Ya Kamata Uwa Ta Sani

Idan kina da ɗa ko 'ya a jami'a, na san kin taɓa jin wannan magana: "Mama, yau zan yi yamma, muna da taron ƙungiya." Da yawanmu da jin haka sai gabanmu ya faɗi, domin karatu muka tura yaro, kuma mun san abin da wasu ƙungiyoyin makaranta suka jawo wa gidaje. Wannan tsoro yana da dalili. Sai dai ƙungiyoyi suna suka tara. Yau na kawo miki labarin wata ƙungiya ta ɗaliban fiziks a ƙasar Amurka, domin ki ga yadda ta kirki take, ki kuma san abin da za ki tambaya kafin ki hana ko ki bari.

Wace ƙungiya ce?

Fiziks shi ne fannin kimiyya da ke binciken haske, zafi, sauti, lantarki da motsin abubuwa. Ɗalibai suna yi masa kallon dodo saboda yawan lissafinsa. A Amurka masu karanta shi suna da ƙungiya mai suna Society of Physics Students, ana taƙaita ta da SPS. An kafa ta a shekarar 1968, lokacin da aka haɗe rassan ɗalibai na Cibiyar Fiziks ta Amurka da wata tsohuwar ƙungiyar karrama haziƙai da ta samo asali a Kwalejin Davidson tun 1921. Tana da rassa fiye da 700 a jami'o'i da kwalejoji, an kasa su shiyya 18. Kowane reshe yana da malamin jami'a da ke sa ido a kansa, kuma ƙofa a buɗe take ga duk mai sha'awar fannin, ko da wani abu daban yake karantawa.

Zumuncin da ke riƙe ɗalibi

Aikin farko na reshe shi ne haɗa kan 'ya'yansa. Sukan yi zama a kai a kai, a ci abinci tare, a gayyato wani malami ya faɗi binciken da yake yi cikin sauƙin harshe. A jami'o'i da dama suna da ɗakin da 'yan manyan aji ke zama su taya 'yan ƙananan aji warware aikin gida kyauta. Sukan kai ziyara manyan ɗakunan bincike irin su Fermilab da ke kusa da birnin Chicago, su kuma halarci taron shiyya inda ɗalibi zai tsaya gaban jama'a ya bayyana aikinsa. Bayan 'yan shekaru akan yi babban taro na ƙasa baki ɗaya, kamar wanda aka yi a Washington a 2022.

Kada ki raina wannan zama, 'yar uwa. Yaron da ya faɗi jarrabawar farko, idan shi kaɗai ne, sai ya ɗauka ƙwaƙwalwarsa ce ba ta ja. Amma idan ya ji daga bakin na gaba da shi cewa shi ma haka ya fara, sai hankalinsa ya kwanta ya sake ɗaura ɗamara. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Abin ya fi shafar 'yan mata, domin ko a Amurka kusan kashi ɗaya cikin huɗu ne kawai na masu samun digirin farko a fiziks mata. Yarinya takan tsinci kanta ita kaɗai a aji. Wannan ne ya sa a 2006 aka fara wani taro na musamman don ɗalibai mata masu karanta fiziks a Jami'ar Kudancin Kaliforniya, wanda daga baya ya bazu zuwa jami'o'i da yawa.

Kai ilimi wajen yara

Aiki na biyu, wanda ya fi burge ni a matsayina na malama, shi ne fita waje. Ɗaliban sukan kwashi kaya su tafi makarantun firamare da sakandare, ko su gayyaci iyaye da yara cikin jami'a. Uwar ƙungiyar tana ba rassa tallafin kuɗi don wannan aiki da sunan kyautar Marsh White, tana kuma aika musu akwatunan kayan gwaji haɗe da bayanin yadda za a koyar da su.

Ga misalin abin da suke nunawa. Iskar da muke shaƙa kashi 78 cikin 100 nata naitirojin ne. Idan aka sanyaya shi har digiri 196 ƙasa da sifili sai ya zama ruwa. Za a tsoma balan-balan a ciki, yara suna kallo ya tsuke kamar an sace iskarsa, a fito da shi ya sake kumbura da kansa. A nan ake gaya musu cewa iska tana tsukewa da sanyi, tana buɗewa da zafi. A tsoma fure, a fito da shi ya farfashe kamar tangaran. A ƙarshe a zuba ruwan cikin madara da sukari, kafin minti kaɗan askirim ya haɗu, a raba wa yara. Mai wannan aiki dole ya sa safar hannu da tabarau na kariya, domin sanyin yana ƙona fata kamar wuta.

Akwai kuma wata na'ura mai ƙaton kan ƙarfe kamar tulu, wadda Robert Van de Graaff ya ƙirƙira a 1929. Yaro zai tsaya a kan kujerar roba ya ɗora hannu a kai, sai gashinsa ya mimmiƙe. Dalili shi ne kowane silin gashi ya ɗauki caji iri ɗaya, caji iri ɗaya kuwa ture juna yake yi. Yaron da ya ga haka da idonsa ba zai manta ba. Gani ya kori ji. Shi ma ɗalibin da ya yi bayanin ya ƙaru, domin duk mai koyarwa ya san ba ka gane zurfin abin da ka sani sai ɗan shekara takwas ya tambaye ka, "To me ya sa?"

Ranar husufi

Lokacin husufin rana na 21 ga Agusta 2017 da na 8 ga Afrilu 2024, rassa da dama sun shirya wuraren kallo, suka raba tabarau na musamman, suka gargaɗi jama'a cewa kallon rana kai tsaye yana lalata ido, kuma baƙin tabarau na kwalliya ba ya karewa. Sun koya wa yara huda ƙaramar ƙofa a kwali, hoton rana ya faɗa a kan takarda, a kalle shi a can ba tare da an ɗaga kai ba. Wannan dabara tana cikin abubuwan da Ibnul Haisam, masanin da aka haifa a Basra ya yi aiki a Alƙahira, ya bincika kimanin shekara 1000 da suka wuce. Majalisar Ɗinkin Duniya ta tuna da aikinsa a 2015, shekarar da ta keɓe wa haske.

Mu ma mun ga irin wannan rana a 29 ga Maris 2006, lokacin da duhu ya rufe Gusau da Katsina da Maraɗi da hantsi. Ki tuna yadda yara suka yi ta ɗaga kai da ido tsirara. Da ɗalibai goma masu kwali da allura sun shiga kowace unguwa, da an tsare idanu, an kuma ƙaru da ilimi.

To me uwa za ta yi?

Ba duk al'adun ɗaliban Amurka ne suka dace da tarbiyyarmu ba, wannan kowa ya sani. Amma a jami'o'inmu ma sassa suna da ƙungiyoyin ɗalibai. Idan 'yarki ta ce tana son shiga, zaunar da ita ki tambaya: Wane malami ne ke kula da ku? A ina kuke zama, kuma ƙarfe nawa ake tashi? Me kuka yi a zangon da ya wuce? Ƙungiyar kirki tana da amsar waɗannan a fili. Wadda ake ɓoye wurin taronta ko sunayen shugabanninta, a guje ta.

Idan kin gamsu, ki ƙarfafa mata gwiwa. Ki ce idan an yi hutu ta tara ƙannenta da yaran maƙwabta ta nuna musu wani abu. Ba sai da kayan tsada ba. A goga matajin roba a gashi a kusantar da shi ga gutsattsarin takarda, za a ga sun yi tsalle sun manne. Ya fi yi da hunturu saboda bushewar iska, dalilin da ya sa mayafi ke ƙyas-ƙyas a lokacin ke nan. A tsoma fensir cikin kofin gilashi mai ruwa, za a gan shi kamar ya karye, domin haske yana karkata idan ya fita daga ruwa zuwa iska. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, kuma ƙaramar yarinyar da ta ga yayarta tana wannan bayani ba za ta yarda fiziks na maza ne kaɗai ba.

Allah ya shirya mana zuriya, ya ba su ilimi mai amfani. Sai mun haɗu a fitowa ta gaba.