Ruwan Tafki: Wace Hanyar Tacewa Ta Fi?

Tafkin Madarunfa arziki ne. Masunta suna kama tarwaɗa da karfasa, makiyaya suna shayar da dabbobi, masu garka suna ban ruwa. Amma ruwansa ba na sha ba ne sai an gyara shi. A watan Yuli na 2018 cutar amai da zawo, wato kwalara, ta ɓarke a yankin Madarunfa, ta bazu cikin jahar Maraɗi, an yi asarar rayuka. Ta ruwa da abinci take shiga ciki.

Hanyoyin gyaran ruwa da yawa ne, kowace da aikinta.

Ta fari ita ce ƙyalle. A ninka tsabtataccen zane sau huɗu, a ɗaure bakin tulu, a zuba ruwa. Yana tare shara da 'yan mitsi-mitsin ƙwarin da ke ɗauke da kurkunu. Tacewa na cikin abubuwan da suka kori kurkunu, har Hukumar Lafiya ta Duniya ta shaida a 2013 cewa Nijar ta rabu da shi.

Ta biyu, 'ya'yan zogale. A ɓare busassu, a daka, a dama cikin ruwa mai laka, kamar ɗa ɗaya ga lita ɗaya. Bayan awa ɗaya ko biyu laka ta kwanta, sai a tsiyaye na sama.

Ta uku, randa mai huji a gindi. A jera tsakuwa a ƙasa, sai gawayi, sai rairayi wankakke a bisa. Rairayi yana riƙe dauɗa, gawayi yana rage wari.

To, amma a lura. Duka ukun nan suna sa ruwa ya yi garau, ba su kashe ƙwayoyin cuta duka. Ido ba ya ganinsu. Saboda haka bayan an tace, sai a dafa ruwan ya tafasa sosai minti ɗaya. In itace ya yi wuya, a jefa ƙwayar Aquatabs yadda aka rubuta a takardarta, a jira minti 30.

Makiyayi da ke daji, ƙyalle da ƙwayar magani sun ishe shi, don ba su da nauyi. Uwargida kuwa ta tace, ta dafa, ta rufe tulu, ta ware masa moɗa guda. Rigakafi ya fi magani.